Fenti, foyil ko farantin ɗab'i: wanne ya dace da ƙaramin jirgi mai fatar ƙarfe?

Duk mai haɗa ƙananan jiragen sama, ko na roba da ake jerawa a kanta ko masu tashi da rimot, wata rana zai iso gaban jirgin da ya fito daga masana'anta ba fenti: Mustang, Sabre, B-29, MiG-15. A nan hannun mutane da yawa ke sanyi, kwalin ya koma saman kabad ya yi ta shan ƙura. Koren fenti da ruwan ƙasa suna rufa wa mai haɗi asiri, su ɓoye tabon gam da ƙarcen sanfefa. Fatar alminiyam kuwa kamar farar shadda ce, ɗigon manja ɗaya daga nesa za a hango shi.

Hanyoyi shida aka fi bi: fentin ƙarfe na feshi, foyil, kakin gogawa, ledar da ake liƙawa da dutsen guga, tef ɗin alminiyam, da farantin ɗab'i. Masu sayar da kowanne za su nuna maka hoto mai ɗaukar ido. Ra'ayina tun daga farko shi ne kada ka bari sheƙi ya zaɓa maka. Girman jirgin, da ko zai tashi ko ba zai tashi ba, sun riga sun yanke rabin hukuncin. Sauran rabin ya rataya ne ga irin kuskuren da za ka iya gyarawa da kayan da ke hannunka.

Me ake kwaikwayo?

Daga ƙarshen 1943 sojan saman Amurka suka daina yi wa yawancin jiragensu fentin ɓad-da-kama. Fenti nauyi ne, yana kuma cin lokaci a masana'anta. Abin da ido ke gani a jikin waɗannan jirage fallayen alminiyam ne irin wanda kamfanin Alcoa ya fito da shi a shekarun 1920 da sunan Alclad: cikinsa gauraye mai ƙarfi, bayansa siririn tsantsar alminiyam mai hana ƙarfen ciwuwa. Kowane falle da nasa hasken. Wani an yanko shi ta tsawo, wani ta faɗi, wani kusa da salansa yake zafi ya dafa shi ya yi duhu. Jirgin da ke fagen yaƙi ba madubi ba ne. Masu walƙiya kamar madubi su ne na gidajen tarihi da na wasannin nuni, da irin na kamfanin American Airlines da suka shekara da shekaru ana goge su har zuwa 2013 da kamfanin ya koma fenti.

Akwai ma jiragen da ba duka jikinsu ne ƙarfe tsirara ba. Fukafukan Mustang samfurin P-51D an cike ramukan ribit (ƙusoshin da ke haɗa fallayen) na gabansu da foti, an goge, an fesa musu fentin azurfa don iska ta bi ta kansu sumul; gangar jikin ce aka bari tsirara. F-104 na Amurka kuwa saman fukafukansa fari ne. Wanda bai duba hotuna ba kafin ya sayi kaya zai iya kwana bakwai yana lulluɓe wurin da a gaske fenti ne.

Ma'aunan da za a ɗora su a kai

Na farko shi ne kama da gaske, wato idan mutum ya matso da fuskarsa, ƙarfe zai gani ko fentin azurfa? Na biyu nauyi. Ga jirgin da ake jerawa a kanta wannan ba magana ba ce, amma ga mai tashi shi ne kan gaba. Lissafinsa ba wuya: alminiyam mai kaurin milimita ɗaya yana da nauyin kilo 2.7 a kowane murabba'in mita, sai ka rage daidai da kaurin abin da za ka liƙa. Na uku kuɗi, kuma a wajenmu kuɗi ba farashin kwalba ba ne kawai. Kayan da sai an yi oda daga Turai ko Amurka da dala ake biya, ga kuɗin aiko, ga kuma cewa masu sayarwa da yawa ba sa turo fenti mai tina ta jirgin sama saboda yana kama wuta. Sai sauƙin aiki da sauƙin gyara, sai ƙarko, wato jure taɓawar hannu da zafin rana da mai, sannan haɗari: ga lafiyarka, ga robar jirgin, ga kuma saƙon rimot.

Abu ɗaya ya haɗa hanyoyin duka, kuma shi ne ya fi cin lokaci: gyaran jikin da za a lulluɓe. A jirgin roba, duk inda ɓari biyu suka haɗu sai an cike an goge har farce ya wuce bai ji komai ba. Ana farawa da sanfefa mai lamba 400 ko 600, a bi da 1000, a bi da 2000 da ruwa, masu neman madubi kuma su zarce da ƙyallen Micro-Mesh har lamba 12000. Layukan fallaye da sanfefa ta cinye sai an sake tona su da allura. A jirgin katakon balsa kuma sai an shimfiɗa siririn yadin faiba mai nauyin wajen giram 25 a murabba'in mita, an shafe shi da efoksi, an yi fentin shimfiɗa, wato fentin farko da ake ɗora na sama a kansa, an goge, in ba haka ba zanen katakon zai fito ta cikin ƙarfen ɓaro-ɓaro. Idan ba ka shirya wa wannan ba, tsadar abin da ka saya ba za ta cece ka ba.

Fentin ƙarfe na feshi

Wannan ita ce hanyar da mafi yawan masu jiragen roba ke bi yanzu, kuma da dalili. Alclad II shi ya yi suna, har ya ari sunan ƙarfen na gaske. Akwai Xtreme Metal na AK Interactive, akwai Metal Color na Vallejo wanda da ruwa ake wanke shi kuma warinsa da sauƙi, akwai Super Metallic na Mr. Color. Duk waɗannan suna son ƙaramar bindigar feshi mai kama da biro, da kwamfuresa. Wanda ba shi da su yana iya ɗaukar gwangwanin feshi na Tamiya, AS-12, wanda ba ya kai su walƙiya amma yana da haƙuri ƙwarai.

Masu tsananin sheƙi, irin Chrome da Polished Aluminium na Alclad, a kan baƙin fenti mai santsi ake fesa su, da ƙarfin iska psi 12 zuwa 15 a ma'aunin kwamfuresa, a hankali kamar ana hura hayaƙi. Baƙin da ke ƙasa shi ke ba da zurfin nan na madubi, saboda haka da zarar ka cika feshi ka rufe shi, sai abin ya koma fentin azurfa na gama-gari. Sauran launukan, irin Aluminium da Duraluminium da Dark Aluminium, fentin shimfiɗa mai toka ya ishe su, kuma sun fi jure tef. Da su ake rarrabe fallaye: a rufe kewaye, a fesa wa falle ɗaya wani launin daban.

Nauyinsa ba abin lissafi ba ne. Yana bin kowane lungu da lanƙwasa, inda foyil ke ba da wuya. Kwalbar mililita 30 tana iya gama jirage biyu ko uku na ma'aunin 1/72, wato waɗanda jirgin gaske ya ninka su tsawo sau 72. Kuɗin shiga ne ke da ciwo, wato bindiga da kwamfuresa da takunkumi mai tace tururin tina; takunkumin ƙyalle ba ya tare komai a nan.

Matsalolinsa uku. Fenti mai tina yana cin robar da ba a yi wa shimfiɗa ba, ta yi tsatstsage kamar fatar kada. Masu sheƙin nan ba sa son hannu, zanen yatsa yana zama, tef yana ɗaga su, kuma duk banish ɗin da ka bi su da shi don kariya sai ya rage musu haske. Na uku yanayinmu ne. A hunturu ƙura ɗaya da ta sauka kan baƙin fenti kafin ya bushe za ta fito kamar tsakuwa, don haka a yayyafa ruwa a ɗakin a kuma kife kwali ko roba a kan jirgin da zarar an gama. A tsakiyar damina kuma laima na sa fenti mai tina ya yi hazo-hazo. Gyaran kuskure yakan zama a goge falle guda a koma daga shimfiɗa, wani lokacin jirgin duka.

Foyil

A nan ba kwaikwayo ake yi ba, alminiyam ne na gaske. Foyil ɗin kicin kaurinsa wajen milimita 0.016 ne. Fatar jirgin gaske kuwa ba ta wuce milimita ɗaya ba a wurare da yawa, wadda in ka raba ta gida 48 za ta ba ka 0.02. Wato abin da ake naɗe gasasshen kifi da shi kusan daidai yake da ma'aunin 1/48.

Iri biyu ne. Akwai Bare-Metal Foil na Amurka, mai gam a bayansa, wanda masu haɗa ƙananan motoci suka fi sani don bamba da bakin taga. Ya fi na kicin siranta da biyayya, sai dai oda ne, falle ɗaya ba ya kai girman takardar rubutu, kuma in ya daɗe a ajiye yakan tsatstsage gam ɗin ya mutu. Sai na kicin, wanda ake shafa wa gam da kai. Micro Metal Foil Adhesive na Microscale shi aka yi don wannan aiki: fari ne kamar madara, ana shafa shi siriri a bayan foyil, a jira har farin ya ɓace ya zama garai yana ɗan kama yatsa. Kada ka gwada gam ɗin masu takalmi a jirgin roba, zai narkar da ita. An ce araha ba ta ado, amma a nan ta yi: foyil mafi araha, siririn nan da matan gida ke ƙorafin yana yagewa, shi ya fi kwanciya. Mai kauri yana gardama a lanƙwasa.

Falle-falle ake aikin. Ka yanko abin da ya ɗan fi fallen girma, ka ɗora tsakiyarsa, ka fara murzawa da audugar kunne daga tsakiya zuwa gefe. Kana murzawa kana gani layukan jirgin da ɗigon ribit suna tasowa ta cikin ƙarfen ɗaya bayan ɗaya. Ka bi layin da tsinken sakace ya nutse, sannan ka ja sabuwar aska a cikin layin, ba dannawa, nauyin askar ya isa, ka ɗage rarar. Aska takan dushe bayan 'yan fallaye, kuma dusasshiya ba ta yanka sai yaga, don haka a tanadi da yawa. Gashi ɗaya ko ƙwayar rairayi da ta shiga ƙasa za ta fito fili. Ba a murje ta, ɗagewa ake yi a jefar a yanko wani.

Wannan ɗagewar ita ce babbar falalar foyil. Kuskure bai wuce falle ɗaya ba, kuma asararsa ba ta kai kuɗin ashana ba. Bambancin fallaye ma kyauta yake zuwa. Foyil ɗin kicin fuska biyu gare shi, mai sheƙi da dusasshiya, saboda a matsewar ƙarshe biyu-biyu ake shigar da shi inji. Kana iya juya wannan falle ta tsawo, na kusa da shi ta faɗi, ko ka ja soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, a kai sau biyu kafin ka yanka. Don wuraren salansa, tsohuwar dabara ita ce a tafasa foyil a tukunya tare da ɓawon ƙwai, ya fito da duhu-duhu mai ruwan zinariya ko toka.

Inda yake ba da wuya shi ne wurin da jiki ya lanƙwasa ta fuska biyu a lokaci ɗaya: hancin jirgi, bakin murfin inji, mahaɗar fiffike da jiki, ƙarshen fiffike. Dole a yayyanka shi ƙanana, kuma mahaɗar tana iya nunawa. Da yawa sukan fesa wa irin waɗannan wurare fenti su lulluɓe saura. Yana kuma cin lokaci sosai. Sabre na 1/48 aikin makonni ne ga mai yi da yamma bayan an tashi aiki. Ƙarko kuwa ya fi fenti: yana jure hannu, in ya dushe a goge shi da man goge ƙarfe irin Autosol. Bakin fallaye ne kawai ke iya tashi in ana yawan ɗauka. Haɗari ga lafiya babu sai yankan aska.

Kakin gogawa

Rub 'n Buff da True Metal na AK man shafawa ne mai garin ƙarfe. A shafa da yatsa ko ƙyalle, a jira kaɗan, a goge ya yi haske. Ba feshi, ba wari mai yawa, bututu ɗaya ya daɗe. Amma yana bin hannu, tef yana kwashe shi, sitikun da ake jiƙawa ba sa kama shi da kyau, kuma yana cike siraran layuka. Ni ban ɗauke shi hanyar lulluɓe jirgi duka ba. Ya dace da farfela, ƙafafun sauka, da sauya hasken falle ɗaya ko biyu a kan fenti.

Daga nan magana ta koma kan masu tashi. A ɗauki Mustang misali. Faɗin fukafukansa na gaske mita 11.28 ne, wato santimita 15.7 a ma'aunin 1/72, 23.5 a 1/48, amma a 1/5 ya haura mita 2.2, kuma fatar da za a rufe, sama da ƙasa da jiki da wutsiya, ta kusa murabba'in mita 3. Riƙe wannan adadin.

Ledar guga

Oracover na Jamus, wanda ake sayarwa a Amurka da sunan UltraCote, da MonoKote, leda ce mai gam a baya wanda zafi ke tayarwa. Ana liƙa ta da ɗan dutsen guga, a ƙara zafi ta tsuke ta miƙe. Ita kaɗai ce a cikin shidan take rufe fiffiken da ƙashi ne kawai, ba a shafe shi da katako ba, kuma ba ta bukatar faiba. Nauyinta bai cika wuce giram 100 a murabba'in mita ba, man inji ba ya cin ta, kwana biyu an gama jirgi. A sa wa dutsen gugar safa, domin mai ruwan madubin tana ƙarcewa nan take, kuma ƙarcen ba ya gogewa.

Daga mita goma tana da kyau, a sama ma ta fi kyau. Kusa kuwa leda ce, ba ta ɓoyuwa: ba layin falle, ba ribit, sheƙin ya yi yawa. In jirgi ya sha rana a fili sai ta saki ta yi tamoji, a sake bi da guga. Akwai kuma abin da masu tuƙi ke faɗa: jirgi mai ruwan madubi yana ɗaukar launin sararin sama, ya ɓace wa ido a nesa. A sa masa ja ko rawaya a hanci da wutsiya.

Tef ɗin alminiyam

Flite-Metal shi ne sunan da masu gasar manyan jirage suka sani, alminiyam mai laushi da gam a baya, an yi shi don ya miƙe a lanƙwasa. Ɗan'uwansa na talaka shi ne tef ɗin da masu haɗa na'urar sanyaya ɗaki ke naɗe bututu da shi, wanda ake samu a kasuwar kayan gini. A duba da kyau, domin akwai na leda mai ruwan azurfa. Na gaske in ka lanƙwasa shi yana zama a lanƙwashe. Na kasuwa faɗinsa kaɗan ne, galibi santimita 5 zuwa 10, saboda haka babban falle sai an haɗa biyu, kuma gam ɗinsa kowane kamfani da irin nasa.

Aikinsa irin na foyil ne amma da ƙarfi: a murza da guntun katako mai santsi, a yanka a kan layi, a goge da soson ƙarfe. Ribit kuma da siririn bututun tagulla da aka wasa bakinsa ake yi, a dafa a ɗan murɗa, ya bar zobe. Dubbai ne, sai an yi haƙuri. A fara daga wutsiya a nufo hanci, don bakin kowane falle ya kalli baya, iska da mai su wuce ta kansa maimakon su shige ƙarƙashi. Man inji da fetur suna narkar da gam, don haka bakunan da ke kusa da inji a shafe su da siririn efoksi.

Nauyi: mai kaurin milimita 0.05 giram 135 ne a murabba'in mita kafin a sa gam. A Mustang ɗinmu ya haura giram 400, ban da faiba da shimfiɗa. Jirgi mai wannan girma zai ɗauka. Mai faɗin mita ɗaya da ɗan abu kuwa zai ji a jikinsa, saukarsa ta ƙara gudu. Abin da ake mantawa shi ne wutsiya ta fi hanci nisa daga inda jirgi ke daidaita, don haka duk giram ɗin da ka ɗora a baya sai ka biya shi ninki biyu ko uku da dalma a gaba. A jirgin da aka ƙera da soson roba kuma tef yana lotsewa da ɗan taɓi, kuma lotsewar ba ta dawowa.

Farantin ɗab'i

Wannan ne kayan da muka fi mutanen waje sauƙin samu. Maɗaba'un da ke buga kalanda da fosta da littattafai da faranti, a Kano ko Kaduna ko Zariya, sukan tara tsofaffin farantan alminiyam su sayar wa 'yan gwangwan. Kaurinsu daga milimita 0.15 zuwa 0.3. Fuskar da aka yi ɗab'i da ita dusasshiya ce, ita ake shafa wa gam. Bayan shi ne mai gogewa ya yi walƙiya.

Da tauri yake zuwa, sai an kashe shi da wuta. A goga masa sabulun wanki, a riƙe da filaya a kan wutar gas ana yawo da shi. Sabulun zai yi ruwan ƙasa, ya koma baƙi. Nan ake tsayawa. Alminiyam ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar baƙin ƙarfe, a digiri 660 narkewa kawai yake yi, ka ga rami. In ya huce aka wanke, sai ya yi laushin da za ka danna shi da bayan cokali ya ɗauki siffa, almakashi ya yanka shi. Yana sake tauri in ana ta lanƙwasa shi, sai a mayar wuta.

Babu abin da ya kai shi kama da jirgin gaske, har 'yar lotsewar nan ta tsakanin ribit yana yi. Amma duba sikeli: mafi sirantarsa giram 405 ne a murabba'in mita, mai 0.3 kuma 810. Rufe Mustang na 1/5 da shi duka ƙarin kilo 1.2 ne a ƙalla. Shi ya sa akasari wurare ake zaɓa masa: murfin inji, ƙofofin dubawa, mahaɗar fiffike, firam ɗin gilashin matuƙi. Bakinsa yana yanka kamar reza.

Maganar rimot

Wannan ya shafi leda mai ruwan madubi, da tef, da faranti, domin ledar ma da siririn shafen alminiyam aka yi mata sheƙin. Ƙarfe yana tare saƙon rediyo, kuma rimot na 2.4 GHz da gajerun eriyoyinsa ya fi jin wannan. Eriyar da aka bari cikin jikin da aka lulluɓe da ƙarfe a kurkuku take. A fito da bakunan eriya waje, ɗaya ta ƙasa ɗaya ta gefe, suna kallon fuskoki daban. Kafin tashin farko a yi gwajin nisa a ƙasa, inji na aiki, wani ya riƙa juya jirgin ta kowace fuska kana motsa sandunan rimot. In ya yi gardama a ko da kusurwa ɗaya ce, kada ya tashi.

| Hanya | Kama da ƙarfe | Nauyi a murabba'in mita | Kuɗi da samuwa | Wahala | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Fentin feshi | Sosai, in shimfiɗa ta yi kyau | Kaɗan ƙwarai | Tsada a farko, oda | Matsakaiciya | Masu sheƙi ba sa son hannu | Tururin tina, ƙura |
| Foyil | Ƙarfe ne | Giram 43 na kicin | Araha, gam ne oda | Cin lokaci | Mai kyau | Yagewa a lanƙwasa |
| Kakin gogawa | Daidai gwargwado | Kaɗan ƙwarai | Araha, oda | Sauƙi | Rauni | Bin hannu |
| Ledar guga | Daga nesa kawai | Har zuwa giram 100 | Matsakaici, oda | Sauƙi | Tana jure mai, tana tamoji | Tare rimot |
| Tef | Ƙarfe ne | Giram 135 a 0.05 | Na kasuwa araha | Babba | Mai kyau, yana lotsewa | Nauyi, rimot |
| Faranti | Ya fi duka | Giram 405 zuwa 810 | Kusan kyauta | Mafi girma | Mafi ƙarko | Nauyi, yanka |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

In jirginka na 1/72 ne ko ƙasa da haka, fenti. Fallayen sun yi ƙanana, lanƙwasar ta yi tsanani, foyil zai cinye maka siraran layuka. Mai bindigar feshi ya fara da launin Aluminium na gama-gari kafin ya taɓa Chrome. Marar ita ya nemi gwangwanin AS-12. A gwada a bayan cokalin roba kafin a kusanci jirgin.

In 1/48 ne ko 1/32, kuma ba ka da kwamfuresa, ko kana ɗaki ɗaya da iyali inda warin tina ba zai yiwu ba, foyil ɗin kicin da kwalbar gam ɗaya sun ishe ka, kuma ita ce hanyar da nake ba wanda odar kaya ke yi wa wuya. Ka fara da jirgi mai miƙaƙƙen jiki irin F-104 ko B-29, ka bar masu ƙwalelen hanci sai hannu ya faɗa.

Mai jirgin rimot na tashin kowane mako, wanda ya san wata rana zai sha ƙasa, ledar guga. Tef da faiba a kan jirgin koyo asarar wata biyu ce. Wanda ke gina babba, mita biyu zuwa sama, don nuni ko gasa, tef a jiki, faranti a murfin inji da ƙofofi, kuma ya auna kowane ɓangare a sikeli kafin da bayan lulluɓi, wutsiya musamman. Jirgin da za a rataye a shago ko ofis ba zai tashi ba, nauyi bai dame shi ba, faranti daga hanci har wutsiya.

Mai Mustang kuma, kowane girma ne, hanya biyu zai haɗa ko ya so ko bai so ba: foyil ko tef a gangar jiki, fentin azurfa marar sheƙi sosai a fukafukai, tare da cike layukan gabansu kafin feshi.